Murfi Ɗaya a Hannu

"Ba za ka faɗa mata ba," in ji Yaya.

"Zan faɗa."

"A gidan uban wa?"

"A gidan ubanmu."

Ta ɗaga tawul ɗin da ke kafaɗarta kamar za ta make ni, sai ta fasa. Daga asibiti ta biyo, ko farar rigar aikin ba ta cire ba. Muna tsaye a ɗakin baya, tsakanin tebur da kabad ɗin ƙwarin Baba. Ta tura ƙofa da dunduniya don kada Mama ta ji.

"Auta, saurara. Matar nan jibi za ta zo. Ta ɗauki kwalabenta, ta yi hoto da Baba, ta kama gabanta. Me ya kai bakinka ciki?"

"Sun gauraya."

"Wa ya gani? Ƙwaro ne fa. Duk kala ɗaya, duk ƙafa shida."

"Ni na sani."

"Kai ka sani! Yau kuma kai ne masanin gidan. Da ka kai sanin nan ɗakin jarrabawa, da yanzu ba fankar mutane kake kwancewa ba."

Shekara huɗu kenan tana dukana a wurin nan, ya daina zafi.

Ta sassauta murya. "Mutum ya ba abu shekara ashirin da tara. Yanzu ga shi a kwance, baki a karkace. Sunansa kaɗai ya rage masa. Shi za ka je ka yayyaga a gaban baƙuwa?"

Daga ɗakin tsakiya muka ji ƙarar cokali a jikin ƙarfen gado. Da hannun hagu Baba yake bugawa, shi ne wanda bai mutu ba. Yaya ta duba agogonta.

"Wuce mu juya shi," ta ce.

Baba farfesa ne, masanin halittu. Abin da ya sa a gaba shi ne yadda wurin zama yake sauya halin abu mai rai, daga iyaye zuwa 'ya'ya zuwa jikoki. A takarda juyin halitta ake kiransa. Mutanen layinmu ba ruwansu da wannan, Mai Wake suke ce masa, domin duk wata sai ya shigo da wake a bayan mota, mai kyau, tsintacce, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga tukunyarmu.

Ƙwarin wake yake kiwo, irin waɗanda mata suke tsinewa in sun buɗe buhu. Tun kafin a haifi Yaya ya raba su gida biyu. Kwalba huɗu yana cika musu wake, su ne 'yan ƙoshi. Kwalba huɗu kuma ƙwaya arba'in kacal yake ƙirga musu, su ne 'yan yunwa. Duk sati huɗu sababbi suke hudowa daga cikin waken, sai a tace su da rariya, a haɗa na kwalba huɗun kowane gida wuri ɗaya don kada jini ya tsaya, a sake raba su a kan sabon wake. Wannan shi Baba yake kira juyi. Bai taɓa tsallake ɗaya ba. Ranar da aka haife ni an yi juyi, Mama har yau tana faɗa.

Da aka kai juyi na ɗari ya zauna da madubi mai ƙara girma ya yi ta ƙirga. Ya tarar uwayen 'yan yunwa sun zama masu lura. Uwa za ta zagaya ƙwayar wake, ta taɓa nan ta taɓa can, in ta ji wata ta riga ta saka ƙwai sai ta wuce. 'Yan ƙoshi kuwa duk inda suka tsaya nan suke zubarwa. Ba wanda ya koya wa kowa. A gidan yunwa, uwar da ba ta lura 'ya'yanta ne suke mutuwa, shi kenan.

Ya rubuta takarda shafi goma sha ɗaya. A ciki akwai zane, layi biyu da suka taso daga wuri ɗaya suka rabu. Wannan zanen ya je ƙasashen da Baba bai taɓa takawa ba. An saka shi a littattafan jami'a. Akwai wani da aka aiko mana, rubutunsa ko Baba bai iya karantawa ba, amma ga zanen a tsakiyar shafi. An sa masa gilashi an rataye a falonmu, sama da talabijin. Mama tana kiransa almakashin Babanku. Takan ce ita ma ta gano abu ba tare da madubi ba, cewa 'yan yunwar gidan nan mu ne.

Ni ban taɓa kwalba ba sai da ya faɗi. Kallo kawai nake yi. Na gama sakandare na tsaya, sau uku ina zama jarrabawar shiga jami'a. Baba bai yi faɗa ba. Abokansa ne in sun zo sukan dube ni su ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, su yi dariya, shi ma ya yi murmushi kaɗan.

Wata goma sha ɗaya da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye a kan matakalar ofis. Sati biyu bayan nan jami'a ta buƙaci ɗakin bincikensa, wai za a zuba kujeru. Na ɗauko kabad ɗin a motar haya, na gyara masa waya, na sa ƙwan fitila biyu masu ba shi ɗumi. Ba wanda ya ce in ci gaba da juyi. Ranar ta zo kawai, na ga Baba yana kallon kalanda yana buga cokali.

Dokarsa ɗaya ce, na ji ta sau dubu a bakinsa: murfi ɗaya a hannu, bakwai a rufe. Sunan kowace kwalba a kan murfi yake. Ita kwalbar da tafasasshen ruwa ake wanke ta, duk abin da aka liƙa mata sai ya ɓalle. In ka cire murfi, kwalba ba ta da suna.

Juyi tara na yi lafiya. Na goma shi ne na ɗari uku da saba'in da bakwai.

Ranar na makara, maigidana na shago yana ta kirana a waya. Na tace ƙwarin na zuba kowanne a kwalbar da ba wake, na sa su a firji minti goma. Sanyi yana sumar da su, su kwanta kamar matattu, ƙafa a naɗe, ka yi aikinka ba mai tashi. Na fito da su na jera a tebur. Na ce tunda a sume suke, bari in buɗe duka lokaci ɗaya in huta. Na buɗe takwas ɗin. Na ajiye kowane murfi a gaban kwalbarsa. Sai cokali ya yi ƙara, ya sake yi, ba irin na kullum ba. Na ruga. Baba ne ya zame, kansa ya maƙale a tsakanin katifa da ƙarfe.

Da na dawo, kwalabe duk a rufe, an jera su tsaf a gefe, an goge tebur.

"Wa ya rufe?" na ce.

"Ni," in ji Mama daga kicin. "Sun fara motsi, na ce kada su cika mana gida. Ka gode min mana."

Na ce na gode.

Na tsaya ina kallonsu. A lokacin ba su gauraya ba tukuna. Sunaye ne kawai suka ɓata. Da na tsaya a nan, na bar kowace kwalba ita kaɗai, na kira wani wanda ya sani, da an gane su da madubi. Na san da haka. Amma waya tana ta kuka a aljihuna, kuma ban ji komai a raina ba, ko tsoro. Na bi abin da ke rubuce a kan murfi. Na haɗa huɗu nan, na haɗa huɗu can, na raba su a kan wake, na tafi shago na kwance fanka biyu.

Sati bakwai kenan. An sake wani juyin a kai. Waɗanda suke cikin kabad yanzu 'ya'yan gauraye ne, kuma jikoki suna cikin wake suna ci.

Yaya kaɗai na faɗa wa, shi ma don ta gan ni ina wanke kwalba ɗaya sau huɗu.

Da muka fito daga ɗakin baya, muka juya Baba. Ita ta kama kafaɗa, ni ƙugu. Duk awa biyu ake yi don kada bayansa ya yi gyambo. Ya yi nauyi a watannin farko, yanzu kamar buhun da aka ci rabi. Yaya ta shafa masa mai, ta gyara filo.

"Baba, ɗalibarka tana tafe jibi. Ka tuna?"

"To," ya ce.

Kalmar da ta rage masa kenan. Da ita yake amsa gaisuwa, da ita yake ƙin magani. Mama ta ce shekara talatin da biyar tana neman ya ce mata to ba gardama, sai yanzu aka ba ta da yawa.

Washegari ban je shago ba. Baƙuwar ta aiko cewa a haɗa mata har da littattafan aikin Baba, inda yake rubuta kowane juyi. Goma sha huɗu ne, masu baƙin bango, kowanne da lambarsa a ƙeya da farin fenti. Suna cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Na zauna a ƙasa ina kaɗe musu ƙura ɗaya bayan ɗaya.

Ba abin karantawa a ciki. Kwanan wata, lambar juyi, zafin kabad, yawan waɗanda suka hudo. Duk da Turanci, rubutu ƙanana a tsaye kamar ƙusa. Wani wurin tabon shayi. A na biyar na ga an rubuta cewa an haifi namiji, a gefen shafi, ƙasa da zafin kabad.

Na uku ne ya buɗe da kansa a wani wuri, kamar an saba buɗe shi a nan. Juyi na hamsin da takwas. Lambobi kamar kullum. A ƙasansu layi biyu, ba da Turanci ba, da harshen da yake yi wa Mama magana da shi.

Na tsinci kaina da murfi biyu a hannu. Ban tabbata ba.

Ba wani abu bayan nan. Juyi na hamsin da tara ya biyo, lambobi tsaf. Sai dai daga wannan shafin, a saman kowane juyi, ya fara rubuta dokar nan: murfi ɗaya a hannu, bakwai a rufe. Na koma na ɗaya da na biyu na duba. Babu ita.

Na je falo na buɗe durowar da ake ajiye takardarsa. Turancina bai kai ko'ina ba, amma ya kai layin da nake nema, a shafi na biyu. Gidajen biyu ba su taɓa haɗuwa ba tun daga juyi na farko.

Na daɗe a tsaye. A waje mai gyaran takalmi yana wucewa yana kaɗa akwatinsa. Mama tana waya da ƙanwarta a kan tsadar iskar gas. Na jira in ji wani abu, ko haushi ko sauƙi. Abin da na ji shi ne ƙafata ta dama ta yi sanyi saboda zaman ƙasa.

Ƙarfe biyu ya yi, lokacin juya shi. Na shiga ni kaɗai da littafin. Na juya shi ya fuskanci taga, na sa masa tabarau, na buɗe shafin a gaban idonsa. Idon hagu ya bi layin, ya kai ƙarshe, ya dawo farko.

"Baba, sun haɗu ranar?"

Ya dube ni.

"Ka faɗa wa wani?"

"To," ya ce.

Yawu ya gangaro ta gefen bakin da ya mutu. Na goge masa. Na ji takun Mama tana zuwa da kofin magani, sai na ɗaga gefen katifa na tura littafin a ƙasa, daidai ƙugunsa. Ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya yi.

Washegari baƙuwar ta iso da hantsi, a motar haya, da akwatin sanyi irin na masu allurar rigakafi. Ita ce ɗalibar Baba ta farko da ta yi digirin dakta. Yanzu tana da nata ɗakin binciken a wata ƙasa, da nata ɗaliban. Gajeriya ce, da furfura a gaban goshi. Baba yana kiranta Rariya, wai komai ya zuba mata sai ta tace ta dawo masa da tsakuwar. Mu Anti Dakta muke cewa.

Ta rungume Mama. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan ne Autan da yake min fitsari a cinya? Kai, har da gemu!"

"Gemun ne kawai, Anti," in ji Yaya. "Sauran yana hanya."

Ta shiga wurin Baba ta durƙusa a gaban gado, ta kama hannun hagun da hannu biyu.

"Malam, Rariyarka ce. Na zo sata."

"To," ya ce. Suka yi dariya, ita da Mama. Da ta miƙe ta juya baya ta daɗe tana gyara mayafi.

A falo Mama ta kawo shayi. Anti Dakta ta zauna a ƙarƙashin zanen, ta ciro waya ta nuna mana wata lamba.

"Kun ga wannan? Sau dubu biyu da ɗari huɗu masu bincike suka ambaci takardar nan a nasu aikin. Jiya na duba, ta ƙaru da uku. Akwai masu aiki a kan kifi, akwai masu aiki a kan sauro, duk daga nan suke farawa. Ɗalibaina sunansa suke kiran abin da shi, ba su ma san mutum ne mai shan shayi da sukari huɗu ba."

"Biyar," in ji Mama. "Yana ƙara ɗaya in na juya baya."

"Akwai waɗanda ba su yarda ba har yau, Mama. Wani tsoho a can, duk taro sai ya miƙe ya ce an yi sa'a ne kawai. Shekara ashirin yana miƙewa, gwiwarsa ma ta gaji. Shi nake so in rufe wa baki."

"Da ƙwarin?" in ji Yaya.

"Da su. Yanzu akwai na'urar da take karanta ƙwayoyin gado, abin da kowane ƙwaro ya gada tun daga kakanni. Lokacin Malam babu ita. Zan karanta na 'yan yunwa, in karanta na 'yan ƙoshi, in ajiye su gefe da gefe. Shekara ashirin da tara ba su haɗu ba, dole bambancin ya fito ɓaro-ɓaro. Babu irinsu a duniya. Na wasu duk sun mutu, ko wuta ta ɗauke, ko mai su ya yi ritaya."

Yaya ta ajiye kofinta a hankali. "To in bambancin bai fito ba fa?"

"Zai fito."

"A ce dai."

Anti Dakta ta ɗaga kafaɗa. "In na tarar jininsu ɗaya, ai tsohon nan ya ci. Za a ce tun asali ba gida biyu ba ne, Malam ya ga abin da yake so ya gani. Kuma dole in rubuta, ba na ɓoye sakamako. Shi ya koya min." Ta kurɓi shayi. "Amma me zai kawo wannan?"

Yaya ba ta dube ni ba. Ta zuba ido a kan kafet, ta kama bakin rigarta tana murzawa.

"Anti," na ce, "sun gauraya."

Ba ta gane ba da farko. Murmushin yana nan a fuskarta.

"Juyi na ɗari uku da saba'in da bakwai. Na buɗe murfi takwas lokaci ɗaya. Suka rikice min. Na haɗa su a haka."

"Takwas."

"E."

"Lokaci ɗaya."

"E."

"An sake juyi bayan nan?"

"Sau ɗaya. Na biyu saura sati."

Ta ajiye kofi. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Na ɗauka za ta yi ihu, na ma shirya. Ta dai kalli bango, wajen da fenti ya kumbura saboda damshi.

"Ba ka ware ko kwalba ɗaya ba?"

"A'a."

"Ka san dokar?"

"Na sani."

Mama tana tsaye a bakin ƙofa da faranti. "Auta," ta ce, "ba dai ranar da na rufe maka su ba?"

"Ba ranar ba ce, Mama."

"Ka tabbata? Don na ga kamar..."

"Wata ranar ce. Kina kasuwa."

Ta ci gaba da kallona. Sannan ta koma kicin da farantin, ba ta ajiye abin da ta kawo ba.

Anti Dakta ta ce in kai ta ta gan su. Muka shiga ɗakin baya, Yaya a bayanmu. Na buɗe kabad, ɗumi ya bugo mu da warin tsohon wake. Ta ɗauki kwalba ɗaya ta ɗaga ta wajen taga. Ƙwarin suna hawa gilashi suna faɗowa, suna sake hawa. Ta duba murfin. Rubutun Baba ne, ya koɗe, na bi kansa da alƙalamin maka.

"Lafiyarsu ƙalau," ta ce. "Ka iya kiwo."

Ta juya kwalbar a hannunta.

"In aka ci gaba, za su sake rabuwa. Yunwa ba ta fasa aikinta. Juyi ɗari, wataƙila ƙasa da haka." Ta mayar da kwalbar. "Shekara takwas. Amma ba su ne nasa ba."

"Na'urar ba za ta iya ganin na baya ba?" in ji Yaya. Muryarta ta zama ƙarama. "Yadda suke kafin ya... kafin ranar?"

"Sawun giwa ya taka na raƙumi. Duk abin da ya faru da su a shekara ashirin da tara, mai kyau ko mara kyau, yanzu ba mai iya karanta shi."

Na ji maganar ta shiga, ta sami wuri ta zauna.

Ta rufe kabad ɗin da kanta. Ta tsaya da hannu a kan ƙofarsa.

"Gara da ka faɗa," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Da na tafi da su, da na kashe shi da hannuna." Ta ja numfashi. "Ban ce na yafe maka ba. Ban san ma ko ni ce mai yafewa ba."

"Na sani."

"Komai ka sani, kai dai," in ji Yaya, amma ba ƙarfi a ciki.

Cokali ya yi ƙara. Sha biyu ta yi.

Anti Dakta ta ce a kawo kwalin littattafan ɗakin Baba, tana so ta karɓe su a gabansa. Na ɗauko na ajiye a kan kujera. Ni da Yaya muka tsaya a gefen gado. Ta kama kafaɗa, na kama ƙugu. Da muka mirgina shi na ji kaurin littafin ta cikin katifa, a ƙarƙashin tafin hannuna. Idon Baba yana kaina. Ban san me ke cikinsa ba. Tun yana da lafiya ma ban taɓa sani ba.

"Malam," in ji Anti Dakta, "ƙwarin ba za su bi ni ba. Sun fi son gida." Ta yi ƙoƙarin dariya. "Amma zan tafi da waɗannan. Zan sa a ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye inda kowa zai iya dubawa. Duk mai shakka ya zo ya bi juyi ɗaya bayan ɗaya, ya ga yadda ake aiki. Su ne shaidar da ta rage."

"To," ya ce.

Mama ta shigo ta tsaya a jikin ƙofa, hannunta a jiƙe. Akwatin sanyin yana tsakar ɗaki, ba a ko buɗe shi ba. Anti Dakta ta fara ciro littattafan tana jerawa a gefen gado, ƙeya a sama, tana bin farin fentin da yatsa.

"Ɗaya. Biyu. Huɗu."

Ta tsaya. Ta leƙa cikin kwalin, ta ciro sauran duka, ta sake bi daga farko har goma sha huɗu. Ta ɗaga kwalin ta juya shi, ƙura da mataccen ƙwaro ɗaya suka faɗo a kan zanin gado.

Ta dubi Yaya. Yaya ta dube ni. Fankar sama tana juyawa da ƙarar da na daɗe ina cewa zan gyara. Baba ya saki cokalin, ya rufe ido.

"Auta," in ji Anti Dakta, "ina na uku?"